Sarkin da Ya Kasa Runtse Ido

An ce wani sarki ya hau gado yana mai sauƙin kai, talakawa suna sa masa albarka. Da mulki ya yi daɗi, sai kwaɗayi ya shige shi, ya so lalle ɗansa ya gaje shi. Ga kuwa ƙanensa Ciroma, wanda jama'a ke ƙauna, ya tsone masa ido. Sarki ya sa aka ƙulla shaidar zur cewa Ciroma na shirin kashe shi. Aka ɗaure bawan Allah, aka yanke za a sare shi bayan sallar Juma'a.

Ran Juma'ar da hantsi, tsohon wanzamin fada, Mantau, ya zo aski kamar kullum. Sarki ya zauna, dogarai biyu a kansa da takubba zare. Abin tausayi, mai gari guda yana tsoron aska.

Sarki ya ce, "Kai tsoho, shekara talatin kana riƙe kan nan. Me ya sauya a cikinsa?"

Mantau ya ce, "Ya sarki, furfura ce, ita ma ba ta taka kara ta karya ba. Sauyin yana ido. Da, ina jiƙa maka kai kake barci, sai na tashe ka. Yau ƙwayar idonka na bin hannuna."

"Maƙiya sun yi yawa."

"Allah ya ba ka nasara, askar ita ce ta da, hannun ma shi ne. Ka san al'adarmu, wanda za a kashe sai an yi masa aski. Daga kurkuku nake. Na ɗora wa Ciroma askar nan a maƙogwaro, ya yi barci har da minshari. Shi ya sa na rasa gane wanda aka yanke wa hukunci a cikinku."

Dogarai suka ɗaga takubba, sarki ya hana su. Ya ce, "Ci gaba, zan runtse ka gani."

Ya runtse. Aska na taɓa wuyansa, ido ya buɗe da kansa. Sau uku yana gwadawa. Kunya ta rufe shi, ya tuna mutumin da yake a da, hawaye suka zubo.

Da rabin aski a kansa ya fita zaure, ya sa aka kwance Ciroma, ya faɗi ƙaryarsa da bakinsa a gaban hakimai, ya nemi gafarar ƙanensa. Sannan ya dawo ya miƙa wa Mantau kai, ya ce, "Ƙarasa, tsoho. Takobi na tsare ƙofa, amma adalci kaɗai ke barin sarki ya runtse ido."