Ladan Gumi

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, muna ji.

Tunkiya ce ta buɗe gidan burodi, ta ɗauki Kare da Kwaɗo talla. Ta ce, "Daga yau gwargwadon guminka, gwargwadon ladanka."

Kare ya zaga gari ya sayar da nasa tas. Kwaɗo kuwa ya ajiye tire, ya faɗa kududdufi.

Da yamma Tunkiya ta shafa bayan Kare. "Kai, ya na ji ka a bushe?"

"Hajiya, ai mu ta harshe muke gumi."

"Au, ashe aikin baki kake yi!" Ta dubi Kwaɗo yana ɗiga. "Sannu, bawan Allah." Ta ba shi ladan duka.

Washegari Kare ma ya bi Kwaɗo kududdufi. Burodi yana fumfuna, Tunkiya tana murna ma'aikata sun ƙara himma.

Ƙurunƙus, kan tarwaɗa!