Marayan da Uwarsa Ke Yankan Riɗi

Akwai wata yarinya mai suna Ummuhani, 'yar shekara goma sha shida daga Mafaza, da ta sauka daga lori a wata babbar gonar riɗi kusa da Gadarif, lauje a hannu, jariri a baya.

Jaririn nata ne. Ubansa direban injin girbin dawa ne da ya yi mata alkawarin aure bara. Girbi ya ƙare, injin ya tafi, alkawarin ya bi shi. A Mafaza kowa ya san zancen, har waɗanda ba sa sauraren gulma. Shi ya sa ta zaɓi gonar da ba wanda ya san ta.

A kambo, wato bukkokin leburori, mata suka kewaye ta. Wata Maiturare, wadda tambaya ba ta taɓa kwana a bakinta ba, ta ce, "Ke 'yar nan, ina uban ɗan?"

"Ƙanena ne," in ji Ummuhani. "Sunansa Aliyu. Innarmu ta rasu wajen haihuwarsa."

A wannan lokacin innar tana Mafaza lafiya lau, tana tuƙa asida, tuwon can.

Ummuhani ta zaci ƙaryar za ta sa a ƙyale ta. Abin da ba ta yi tsammani ba shi ne tausayi. Hajjo, tsohuwar da ke dafa wa leburori abinci, ta kwance yaron daga bayanta.

"Maraya ba zai shiga rana ba ina raye. Je ki yi yankanki, 'yata. Akwai akuya."

Daga ranar Aliyu ya zama ɗan rumfar girki. Ana ɗura masa nonon akuya da cokali, a sirka da ruwan hafir, tafkin da mutane da raƙuma ke sha ba tare da gardama ba.

Riɗi kuwa ba ya jira. In ya nuna ba a yanke ba, kwanso ya fashe, ƙwaya ta zube a ƙasa. Don haka Mahmudu, wakilin mai gona, yakan kora su fili tun asuba sai faɗuwar rana, in ban da ɗan lokacin cin abinci a idon kowa. Sau ɗaya tak take samun shayar da ɗanta, kafin a fita, in ta ce za ta wanke shi a bayan bukka. Sauran yinin sai ta ɗaure ƙirjinta tamau da tsumma. In nono ya ɓullo a riga, ta watsa wa jikinta ruwa.

"Yarinyar nan akwai gumi," matan suka ce.

Rana ta huɗu yaron ya fara zawo. Rana ta shida da azahar suka dawo cin abinci, suka tarar ya daina kuka. Idanunsa sun zurma, maɗigarsa ta faɗa. Hajjo ta kai cokali, nonon ya gangaro ta gefen baki.

"Nonon mutum yake so," ta ce. "Kuma babu mai shayarwa a kambon nan."

Maiturare ta ce ƙanwarta na goyo a garin Hawata, za ta kai shi. Mahmudu ya ce lori na shirin tashi, awa huɗu ne in hanya ta bushe.

"Zan bi ku," in ji Ummuhani.

"Ki yi masa me?" Maiturare ta ce. "Ki nuna masa lauje? Zauna, wannan aikin manya ne."

Ta naɗe yaron a mayafi ta nufi lori. Direba ya tayar da inji. Ummuhani ta ga hannun Aliyu yana reto. Awa huɗu. Ƙirjinta kamar an zuba garwashi, ga mutum talatin zaune da akushi a gabansu.

"Ki ba ni shi."

Ƙarar inji ta haɗiye maganar.

"Maiturare! Ki ba ni ɗana!"

Wannan karon har direba ya ji.

Ta karɓe shi, ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi, ta kwance tsumman. Yaron bai kama ba. Ta sake gwadawa. Bai kama ba. Hajjo ta durƙusa a gabanta.

"Kada ki tura masa. Matso ki ɗiga a leɓensa. Haka. Sake."

Ɗigo ɗaya, biyu. Leɓen ya motsa. Can ya kama, a hankali, sannan da ƙarfi.

Maiturare ta tafa hannu. "Lallai! Yau na ga yaya mai nono. Ashe duk kwanakin nan renon ɗan..."

"Ƙarasa, in kina so ki nemi mai dafa miki abinci," in ji Hajjo. "Kwana shida yaro na shan nonon akuya, uwarsa na nan kusa. Wa take tsoro? Bakina da naki. Ni ma na ga rigar na jiƙewa, na ce gumi ne, don gumi ya fi sauƙin faɗa."

Ta juya ga Ummuhani. "Innar taki fa, da muka yi wa fatiha har sau uku?"

"Tana nan da rai, Hajjo."

"To, ta samu ta ajiya."

Wata ta yi dariya, sauran suka bi. A nan Ummuhani ta fashe da kukan da take riƙewa tun daga Mafaza, kuma ba wanda ya ce ta yi shiru.

Lorin ya tafi Hawata, amma da uwa da ɗa, zuwa asibiti. Bayan kwana uku suka dawo, yaron ya dawo da muryarsa, har da ƙari. Hajjo ta sanar da Mahmudu cewa daga yau yarinyar za ta riƙa barin fili sau huɗu a yini. Mahmudu ya ce riɗi ba ya jira. Hajjo ta ce abincin rana yana iya jira. Aka daidaita.

Ba kowa ya daina kallonta da gefen ido ba, mutane ba sa gyaruwa da sauri haka. Amma da la'asar, mata na zaune ana zuba jabana, wato gahawa, Hajjo ta ɗaga finjali.

"Uwar Aliyu, ga naki."

Ummuhani ta waiwaya ta ga wa ake kira. Ba kowa a bayanta sai yaron. Ta miƙa hannu.

Darasi: Yarinyar da ta yi kuskure ta riga ta san ta yi, ba ta rasa mai tuna mata ba. In muka sa gaskiya ta fi ƙarya ban tsoro, wanda zai fara wahala shi ne jaririn da bai san komai ba. Ku tura wannan ga iyaye da maƙwabta, musamman masu saurin tambaya.