Wa Ya Buɗe Bakin Barira?

A garinmu ba a taɓa yin cutar da ta rasa magani ba. Marasa lafiyar ne dai wani lokaci ba sa haƙurin jira ya kama su. To ku gyara zama, ga wata shari'a da ta gagari zauren Malam Jatau, ko ku za ku iya raba ta.

Malam Jatau yana da jika, sunanta Barira. Ta kai shekara shida ba ta ce uffan ba. Tana ci, tana wasa, tana nuna abin da take so da yatsa, in an hana ta ta faɗi ƙasa ta yi ta birgima, amma kalma ko ɗaya babu. An yi mata rubutu ta sha. An aika har gari na uku aka samo ruwan da aku ya sha ya rage, ta shanye. Akun ya ci gaba da surutunsa, ita ta ci gaba da shirunta. Daga nan tsofaffin gida suka yanke cewa linzami ne, wato wata 'yar tsoka ce ta ɗaure harshen ta ƙasa, sai an sa aska an tsinke ta. Malam Jatau ya ce a kira wanzami. Don a san da gaske yake, ya ƙara da cewa duk wanda ya buɗe bakin yarinyar nan, jar karsanarsa ta zama tasa.

Uwar yarinyar, Kubura, ta san wani yaro a garinsu da aka yi wa wannan aiki jini ya ƙi tsayawa. Shi ma bai yi maganar ba, don washegari aka binne shi. Tun da ta ji an ambaci aska ba ta sake zama wuri ɗaya ba. Ta ɗora tukunya ta manta ba ta hura wuta ba, ta leƙa ƙofar gida ta dawo, ta ɗauki Barira ta sauke, ta sake ɗauka. Mijinta Haladu mutum ne mai ladabi ƙwarai, wato a gaban mahaifinsa ba shi da ra'ayi.

Na farko a shari'ar nan shi ne Mati, wanzamin gidan tun zamanin iyaye. Ya zo da zabirarsa, ya buɗe bakin yarinya, ya ɗaga harshe, ya ga lafiyarsa lau, babu abin da ya ɗaure shi. Ya san in ya faɗi haka za a aika wa wani wanzami na ƙetaren rafi, wanda shi yanka yake fara yi kafin ya duba. Sai ya rufe zabira.

"Malam, ai bazara ce. Jini gudu yake yi da zafin nan. A bari ruwa ya sauka."

Ruwa ya sauka, aka aika masa, ya ce miki ba ya bushewa da damina. Aka yanke gero, ya ce askarsa tana wurin maƙeri. Sanyi ya shigo, ya ce ba a taɓa harshe da sanyi, haka ya gada. Gari ya ɗauka hannun Mati ya fara rawa. Masu haihuwa suka soma kiran wani wanzami ranar suna, yana zaune a ƙofar gida yana jin kiɗa a gidajen da ubansa ya yi wa aski shekara arba'in. 

Ta biyu ita ce Lantana, 'yar Malam Jatau, gwaggon yarinyar, mai injin niƙa a bakin kasuwa. Kubura kan turo mata Barira ta wuni can, don kada wanzami ya zo ya tarar da ita a gida. Duk sanda Lantana ta tayar da inji, yara sukan toshe kunne su ja da baya. Barira kuwa sai ta matso, ta ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen tana murmushi. Lantana ta kwana uku tana kallon wannan. Rana ta huɗu ta lallaɓa ta bayanta ta saki faranti a ƙasa. Kaji suka watse, wata tsohuwa ta zubar da garinta, Barira ko waiwaye. Lantana ta kashe inji da rana tsaka, ta bar mata a layi suna mita, ta nufi gida.

"Shekara shida kuna leƙen baki," ta ce wa Kubura. "Wa ya taɓa duba kunnen? Yarinyar da ba ta ji an yi magana ba, a ina za ta kwaikwaya?"

Da maganar ta kai zaure, Malam Jatau ya ce mai niƙa ta tsaya a kan niƙanta.

Na uku shi ne Sallau, ƙanen Haladu, direban motar haya. Shi bai yi gardama da kowa ba. Ya sa Kubura da Barira a kujerar gaba, ya ce kasuwa za su, ya wuce da su babban asibiti a birni, tafiyar awa huɗu. Ranar farko suka tarar an gama ba da kati. Ta biyu likitan kunne ba ya nan. Ta uku gada ta karye, ya zagaya ta wata hanya, mota ta kafe a laka, ya goya yarinyar ya ƙarasa titi da ƙafa. A zuwa na biyar aka gwada ta, aka ce tana ji amma kaɗan, kamar mai sauraro daga cikin rijiya. A na tara aka maƙala mata wata 'yar na'ura a bayan kunne, aka haɗa su da wata ma'aikaciya mai koya wa yara furta magana. Sallau ya ci gaba da kai su duk Talata, ranar da 'yan'uwansa direbobi ke cin kasuwar mako. A tasha suka sa masa suna Motar Asibiti.

Abin da ma'aikaciyar ta nuna, Kubura ce ke yin sa a gida. Kullum bayan sallar walaha sai ta ja labule, ta ajiye madubi, ta ɗora hannun Barira a maƙogwaronta ta ce "ba", ta ce "ma", sau ɗari, kunnenta ɗaya yana ƙofar gida.

Shekara ta zagayo, bazara ta dawo, Mati ya duba ya ga yanayi ya ƙare masa. Malam Jatau ya aika ƙetaren rafi. Ranar Alhamis da hantsi baƙon wanzami ya shimfiɗa buzunsa a tsakar gida, ya fito da aska yana gogawa. Aka kawo Barira. Kubura tana bakin ɗaki, ta kasa shiga ta kasa fitowa. Yarinyar ta dubi askar, ta dubi kakanta, ta buɗe baki da kanta.

"Kaka, bari."

A karkace maganar ta fito, amma ta fito.

"Me ta ce?" in ji Malam Jatau.

Ta sake faɗa. Ya sake tambaya, ta sake, har sau huɗu, mata suna share hawaye suna cewa tsoho ya ƙi ƙoshi da muryar jikarsa. Baƙon wanzami ya naɗe buzunsa, ya ce a dai ba shi ruwa ya sha.

Sai rigimar karsana. Mati ya ce ba don ya riƙe askarsa shekara guda ba, da babu harshen da za a koya wa magana. Lantana ta ce ba don ta duba inda kowa bai duba ba, da har yau Mati yana ƙirƙiro yanayi. Sallau ya ce sanin cewa ciwo a kunne yake bai taɓa kai kowa asibiti ba, mota ce ke kaiwa. Kubura ba a sa ta cikin masu takara ba. Dattawa sun ce uwa ce, aikinta ta yi.

Malam Jatau ya zauna ya saurari hujjar kowa a natse, yana gyaɗa kai, bai katse kowa ba. Daga baya aka gano ko ɗaya bai ji ba. Sallau ya karɓo masa kati, Talata mai zuwa za su.

To, tunda alƙalin yana jiran layin likita, ku ku raba: tsakanin Mati, Lantana da Sallau, wa za a kwance wa karsanar nan?