Kofin da Man-su Ya Ƙi Karɓa

Akwai wani masunci a garin Tongyeong mai suna Pyo Man-su. Tun da ciwon ciki ya ɗauke matarsa, daga shi sai karyarsa Bokshil. Kwano ɗaya suke ci: ya sha miya, ya miƙa mata, ta lashe, ya ƙara a ciki.

Wata shekara da kaka, ciki ya murɗe shi, karyar kuma ta dinga amai. Likita ya ce ƙwayar cuta ce a tumbinsa, kuma yawu na iya yaɗa ta. Likitan dabbobi ya ce a raba musu kwano. Kwana goma sha huɗu yana shan magani safe da yamma, bai tsallake ko ɗaya ba.

Ranar walimar masunta, shugabansu Ok Byeong-gil ya shanye giyar shinkafa, ya miƙo wa Man-su kofin don ya sha a ciki. Girmamawa ce a al'adarsu, ƙarami da hannu biyu yake karɓa. Man-su ya sunkuya, ya zaro nasa kofin daga aljihu.

"Yaya, zuba mini a nan."

Byeong-gil ya ɗaure fuska.

"Ka ware wa karya kwano, mu ma ka ware mana? Shekara arba'in muna shan kofi ɗaya, wa ya mutu?"

"Matata," in ji Man-su. "Ba zan karɓa ba, ba kuma zan miƙa wa kowa nawa ba."

Daga ranar aka daina kiransa walima. In ya wuce bakin teku sai a ce ga angon karya. Bai ba kowa haƙuri ba. Kullum yakan wanke kwano biyu, ya kife su nesa da juna.

Da bazara Byeong-gil ya yi aman jini cikin jirgi. Gyambon ciki ne, ƙwayar nan ce. Man-su ya riga kowa zuwa asibiti da kunun shinkafa.

A walima ta gaba, shugaban ya aika a kira shi. Byeong-gil ya rame. Ya laluba aljihu a gaban kowa, ya fito da ɗan kofi.

"Ƙanena mai taurin kai, zuba mini ruwa a nawa."

Darasi: Al'ada don mutane aka yi ta. Wanda ya jure gori don kare lafiyarka ya fi mai miƙo maka cuta da hannu biyu. Tura labarin nan ga wanda kuke cin kwano ɗaya.