Ɗigo Ɗaya da Ya Hana Ta

Akwai wani farfesa, masanin irin gansakukar nan mai fitowa a busasshiyar ƙasa, toka-toka, mai ƙananan kofuna kamar kan ashana. Kallo ɗaya yake yi mata ya faɗi sunanta.

Matarsa ba ta yi jami'a ba. A tsofaffin littattafansa ta koya, tana share musu ƙura.

Wata rana aka kawo masa takarda. Za a baje wani tudu a yi gini, sai fa in akwai tsiron da babu irinsa a wani wuri. Ya je, ya duba gansakukar da ke tudun, ya ce gama-gari ce.

Matar ta ɗebo kaɗan daga tudun a ambulan. Ta ce, "Baban yara, dubi bakin kofin nan, a tsattsage yake. Ka ɗiga masa ruwan gwaji. In gama-gari ce, launinta ba zai sauya ba."

Ya yi dariya. "To, Farfesar kicin! Shekara talatin ina aikin nan, yau ke za ki ara mini ido?"

"Ɗigo ɗaya fa na ce."

"Miyarki na ƙonewa."

Ya sa hannu a takardar. Aka baje tudun. Ita kuwa ba ta sake tayar da maganar ba, har Allah Ya karɓi ranta bayan shekara biyu.

Wata safiya 'yarsu tana kwashe kayan marigayiyar, ta tsinci ambulan a cikin akwati, ƙarƙashin zanen aurenta. A bayansa an rubuta: "In ka huce, ka gwada."

"Baba, me Mama take nufi?"

Ya karɓi ambulan ɗin, ya buɗe. Ya ɗauko kwalbar ruwan gwajin, ya ɗiga a kan gansakukar da ke ciki.

Wurin ya yi rawaya. Suna kallo, a hankali ya rikiɗe ya koma ja wur kamar jini.

"Baba, lafiya?"

"Gaskiyarta ce," ya ce, da ƙyar ake jin muryarsa. "Babu irinta a ko'ina, kuma abin da ya rage ke nan."

Har yau ambulan ɗin na kan teburinsa. Ɗalibansa sun ce duk sanda zai ɗiga ruwan gwaji, sai ya fara waiwayawa bakin ƙofa, kamar akwai wadda ke tsaye tana jira.

Darasi: Kada yawan saninka ya hana ka gwada maganar mai ƙaunarka tun yana kusa da kai. Ku tura wa wanda kuka san yana da wadda yake raina wa magana a gida.