Shafi na Ashirin da Ɗaya

Akwai wani mutum a wani gari, sana'arsa zanen gini. Kafin magini ya ɗora bulo a kan bulo, shi ne yake zama gaban kwamfuta ya zana inda tushe zai bi da yadda rufi zai zauna. Gwani ne, ba shi da ha'inci, sai dai yana da wata 'yar cuta: in ka ɓata masa rai ba zai ce maka uffan ba, sai ka ba da baya ya zana ka.

Ikilisiyarsu ta tashi gina sabuwar majami'a, aka ba shi zanen. Shugaban kwamitin ginin kuwa surukinsa ne, uban matarsa, dattijo mai tsoron Allah, wanda Ubangiji ya yi wa albarkar 'ya'ya da gonaki da kuma tumbi. Tumbin nan yakan riga shi shiga ɗaki. Dattijon ya yarda da komai ban da ƙofa. Sau shida mai zane yana kawo ta, sau shida dattijon yana cewa, "A ƙara mata faɗi." Mai zane ya rusuna ya ce, "To, Baba," gama ba a musu da suruki.

A karo na shida ya koma gida zuciyarsa tana tafasa. Zanen majami'ar shafi ashirin ne, sai ya buɗe na ashirin da ɗaya a bayansu. Ya zana ƙofa wadda babbar mota za ta iya shiga, ya tsai da dattijon a tsakiya da hularsa da sandarsa, ya ja layin awo daga wannan gefen tumbin zuwa wancan kamar yadda ake auna bango. A ƙasa ya rubuta: "Ƙofa daidai da mai ita."

Matarsa ta kawo masa abinci, ta leƙa, dariya ta kufce mata kafin ta tuna ubanta ne. Ta ɗaure fuska ta ce, "Maigida, ka share wannan. Ran da Baba ya gani, da aikin da mutuncinka duk sun tafi, ni ma ban san inda zan sa kaina ba."

Ya ce, "Wa zai gani? Yana can baya, ni kaɗai nake buɗewa."

Gaskiyarsa ce, a lokacin. Gama duk sa'ad da zai kai wa kwamiti zane, da hannu yake fitar da shafukan ɗaya bayan ɗaya: ya buɗe na tushe, ya zaɓi girman takarda, ya sa masa suna, ya ajiye, ya koma na tagogi, haka har ashirin, sa'an nan ya harhaɗa su. Aikin yakan ci rabin yini, wata rana ma rufi ya riga tushe zuwa. Amma da yake hannunsa ne mai zaɓa, in ya kai ashirin sai ya tsaya.

Ana nan wani abokin sana'arsa ya koya masa rubuta wa kwamfuta ɗan gajeren umarni: ka latsa sau ɗaya, ta bi dukan shafuka bi da bi ta tara su cikin fayil guda. Mai zane ya yi murna kamar wanda aka sauke wa buhun dawa daga ka. Ran Asabar ya latsa, kafin ya gama wanke hannu fayil ya fito. Bai ko duba ba ya aika wa mai buga takardu, aka buga kwafi goma sha biyu, aka ɗinke. Ya manta umarnin cewa ya yi "dukan shafuka", ita kuwa kwamfuta ba ta da suruki, balle kunyarsa.

Ran Lahadi bayan sujada kwamiti ya zauna, kowa da kwafinsa. Aka wuce tushe, aka wuce tagogi, mai zane yana bayani yana hura hanci. Da aka gama na ashirin ya rufe nasa, sai ya ji ƙarar takarda: mutum goma sha ɗaya sun juya wani shafi.

Tari ya sarƙe shugabar zumuntar mata. Fasto ya ɗaga kai yana nazarin silin kamar yau ya fara ganinsa. Magini kuwa, mutum ne da bai san wasa a aiki ba, ya ɗora yatsa a kan layin awon ya ce, "Wannan awon, da babbar riga aka ɗauke shi ko babu?"

Mai zane ya so ƙasa ta tsage ya shige. Dattijon ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Hular tawa ce. Sandar ma tawa ce. Ɗana, ƙafa nawa ce wannan ƙofa?"

Mai zane ya ce, "Goma sha biyu, Baba."

Dattijon ya cire tabarau ya ce, "Ran da aka yi jana'izar uwar matarka, ƙofar tsohuwar majami'a ta ƙi akwatin. Sai da aka karkata akwatin, aka fito da ita a kaikaice kamar tsohon kabad. Ran nan na yi wa Ubangiji alkawari ba za a sāke yi wa kowa haka ba. Sau shida ina neman wannan ƙofa, ashe sai ka yi fushi kake jin magana. A gina ta. A dai cire ni daga tsakiya, in ba mutane hanya."

Mai zane ya zube a gabansa yana hawaye, dattijon ya ɗaga shi da hannunsa.

Ma'anar wannan misali ita ce: shafukan nan kwanakin ranmu ne. Muddin muna duniya, mu muke zaɓar wanda za mu nuna wa mutane, mu kai ashirin mu tsaya. Amma akwai ranar da Ubangiji zai tara duka wuri guda, na majami'a da na bayan ɗaki, har da raini da ba'ar da muka yi wa wanda ba mu san ciwon da yake ɗauke da shi ba. Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka ce, "Yana can baya." Ka kawo shi gaban Ubangiji tun yau ka tuba, gama shi yakan gafarta, har ya mai da abin kunyarmu ya zama abin amfani.

An gina ƙofar, ƙafa goma sha biyu. Kowace Lahadi mai zane yana shiga ta cikinta, kuma duk faɗin nan nata, bai taɓa wucewa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.