Tafin da Aka Yi wa Malamin Gona

Akwai wani mutum, malamin aikin gona a wata jami'a. Sa'ad da ya fara koyarwa, allo da alli kaɗai gare shi, sai ɗalibai ashirin masu taurin kai. Kai, waɗannan yara! Ba su san tafi ba. In ya faɗi abu, sai wata ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ni fa ban yarda ba," a yi ta ja har lokacin abinci ya wuce. In kuwa magana ta shige su, ajin yakan yi tsit, kowa ya duƙufa rubutu. Yakan koma gida da busasshen maƙogwaro, ransa fes. Allah sarki, kwanakin nan sun yi daɗi.

Shekaru suka wuce, ya zama farfesa, ana ta gayyatarsa manyan taruka. Can ya ɗanɗana tafi, ya ji zaƙinsa. Har ya koyi tsayawa a tsakiyar jawabi yana gyara tabarau, don mai gabatarwa ya ɗaga hannu jama'a su tafa.

Wata rana aka kira shi taron manoma, domin a yankin mutane suna zuba maganin ƙwari mai dafi cikin buhunan wake, yara suna ci suna kwanciya asibiti. Ya yi awa guda yana gargaɗi. Duk inda ya tsaya, fili ya ɗauka da tafi, mata suna guɗa. Ya sauko yana jin ya ceci gari.

A bakin mota ya tarar da wata tsohuwa, ya ce, "Iya, yanzu yaya za ki adana wakenki?"

Ta ce, "Yadda na saba mana, ranka ya daɗe. Ai lasifikarmu ta baya tun farko ta mutu. Bakinka kawai muke gani yana motsi. In mutumin can ya ɗaga hannu, mu tafa."

Ya waiwaya, ga manoma sun hau babura sun watse, kowa ya nufi buhunansa.

To, ga ma'anar misalin nan. Malamin shi ne duk wanda aka danƙa wa maganar rai, ko fasto, ko uwa a gida. Tafi ba zunubi ba ne, amma yakan toshe kunnen mai magana har ya manta ya duba ko an ji. Manoman kuwa mu ne, 'yan'uwa. Sau nawa muke amsa "Amin!" don kawai na kusa da mu ya amsa? Yau in an tashi daga sujada a coci, kafin ka kama hannun fasto ka ce wa'azi ya yi daɗi, tsaya ka tambayi kanka abin da ya ce. In ba ka tuna ba, koma ka tambaye shi, kada ka kai dafin gida.